Yadda Za Ka Ɓoye Ɓararren Bango Kafin Mahaifiyarka Ta Fara Gani

Kai ɗan haya, matso kusa. Na san abin da ke damunka tun kafin ka buɗe baki, don ga shi nan fari-fari a kafaɗar rigarka, kuma ni da kai mun san ba amosani ba ne. Bangon falonka ne ya rako ka har bakin titi. To kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Matakan da ke ƙasa an gwada su a kan bango na gaske mai danshi na gaske, kuma ina ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari: idan ka bi su a jere, duk wanda ya shigo gidanka ba da labarin bango zai fita ba.

Ba a littafi na karanto ilimin nan ba. A wajen maƙwabcina Mai Aski na same shi, wanda bango ɗaya ne tsakanin falonsa da ɓangarena. Abin da ban jiyo ta bangon ba, shi ya faɗa mini da bakinsa ina zaune a kujerarsa da tawul a wuya. Mutum ne ɗan gayu, mai tsaftar da har ta so ta yi yawa. Ya haura arba'in amma kansa baƙi wuluk, ko sili ɗaya fari babu, saboda duk ƙarshen mako yakan ja ƙofar shago ya shafa wa kansa irin baƙin da yake shafa wa dattawan kwastomominsa. Wannan sirri ne, shi ya sa kai kaɗai na gaya wa.

Mahaifiyarsa, Inna, tana can garinsu a hannun yayarsa. Yanar ido ta rufe mata gani shekara da shekaru, sai dai ta ga inuwar mutum ta gane shi da murya. Shi ne ɗanta na ƙarshe, kuma har gobe Auta take ce masa. Ba ta taɓa taka gidansa ba. Duk abin da ta sani game da gidan daga bakinsa ta ji, wato gida ne fes, bango sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Da wannan labari take tinƙaho a cikin tsaranta. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne ya mai da maganar fenti ta zama maganar mutunci.

Mataki na ɗaya: Ka ce babu komai

Ranar da ka fara ganin fenti ya kumbura a ƙasan bango kamar ƙurji, kada ka taɓa, kada ka kalla sau biyu. Ka ce inuwa ce. Idan ya fashe ya fara zuba, ka ce sabon salon fenti ne, yanzu haka ake yayi. Masana sun tabbatar cewa yawan kallo na ƙara wa bango ƙwarin gwiwa.

Mai Aski ya riƙe wannan mataki da hannu biyu har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Matsalarsa ɗaya ce, matarsa. Malama ce a makarantar ƙananan yara, ba ta da yawan magana amma ba ta da mantuwa. Ita ke share ɓarɓashin kowace safiya. Ba ta zubarwa. Sai ta tara shi a abin kwasar shara ta ajiye daidai gaban takalminsa, don ya ga yawan inuwar da ta zubo jiya. Shi kuma ya tsallake ya sa takalmi ya yi gaba.

Mataki na biyu: Ka gaya wa mai gidan, don dai a ce ka gaya masa

Wannan mataki ba ya gyara komai, amma yana ba ka abin faɗa. Kira mai gidan haya. Zai zo, in ya ga dama. Zai ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar likita, sannan ya faɗi abin da kowa ya sani da murya irin ta wanda ya gano sabon abu. Na Mai Aski cewa ya yi danshi ne, kuma wai daga famfon banɗakin maƙwabci yake ratsowa. Maƙwabcin nan mutum ne mai mutunci, ba za mu jefa shi cikin wannan magana ba.

Mai gidan ya yi alkawarin gyara bayan damina. Da damina ta wuce ya ce mai fentinsa ya yi tafiya. Da mai fenti ya dawo ya ce ai damina ta kusa, asara ce a yi yanzu. Abu ɗaya dai ya tsaya a kai ba ya sauyawa: kada ɗan hayan da ya kuskura ya taɓa masa bango da buroshi, don kalar madarar nan shi da kansa ya zaɓe ta. Ka amsa da to. Ka raka shi har bakin mota, ka ce a gaida gida.

Mataki na uku: Ka ware wa waya kusurwarta

Duk gidan da ya lalace yana da wuri ɗaya da Allah ya rufa wa asiri. Nemo naka. A gidan Mai Aski wurin yana tsakanin taga da firji, faɗinsa bai wuce kafaɗun mutum ba. Nan yake tsayawa ƙiƙam duk lokacin da Yaya ta kira shi ta bidiyo don Inna ta ji muryarsa. Yaya ce idon Inna, ita ke kallon wayar tana ba ta labari: ga Auta ya yi ƙiba, ga rigarsa ta sha guga, ga bango a bayansa sai sheƙi yake. Inna ta yi ta sa albarka, washegari ta kwashe labarin ta kai wa maƙwabta da ƙari.

Doka a nan ita ce kada ka motsa. Idan aka ce ka juya wayar a ga sauran falon, ka daskare da baki a buɗe kamar sabis ya ɗauke, ka riƙe numfashi, sannan ka katse kiran. Mai Aski ya ƙware a wannan har Yaya ta fara tausaya masa, tana cewa gida mai kyau amma unguwar ba sabis.

A wannan kusurwa yake tsaye ranar da Yaya ta ce masa an samu asibitin da za a yi wa Inna aikin ido, kuma a garinsa asibitin yake. A gidansa za ta sauka, a gidansa za ta yi jinya. Ya yi murna, murna ta gaske. Sai da ya ajiye wayar ya juya ya kalli falon, sannan ya tuna da bango. Abu na farko da tsohuwar za ta gani da sabon idonta shi ne wannan bango, ta san cewa ɗan da take alfahari da shi ƙarya ya yi ta shirga mata. Wannan karon ba da gangan ya daskare ba.

Mataki na huɗu: Ka lulluɓe, kada ka gyara

Gyara na masu gida ne, ɗan haya lulluɓi ya sani. Tattaro duk wani abu mai faɗi da ke gidan: kalandar bana, kalandar bara, taswirar da matarka ke koyarwa da ita, takardar shaidar da ba ta taɓa samo maka aiki ba. Ja kabad zuwa inda ɓarnar ta fi yawa, ko da zai tare rabin ƙofa. Madubin gidan ma sauke shi ka jingina a kan tabon da ke ƙasa. Gaskiya ne daga ranar gwiwoyinka kawai za ka riƙa gani a ciki, amma ai fuskarka ka riga ka san ta.

Da kayan gida suka ƙare bango bai ƙare ba, sai Mai Aski ya tafi shago ya ɓamɓaro manyan takardun nan masu hotunan salon aski, kawuna jere-jere kowanne da lambarsa, ya zo ya manne su da salatif tun daga bakin ƙofa har hanyar banɗaki. Malama ta dawo daga makaranta ta tarar da falonta cike da ƙeyoyin maza. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu.

Inna ta iso. Likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, sai ya sauka za a taɓa idon, don haka ta zauna a gida tana shan magani. Mai Aski ya ɗauki wannan jinkiri a matsayin ƙarin lokaci da aka ba shi. Abin da bai lissafa ba shi ne, wanda ba ya gani da bango yake tafiya. Tun ranar farko Inna ta miƙe za ta banɗaki, ta ɗora hannu ta ji takarda, ta matsa ta ji wata takardar. Ta tambayi ɗanta ya ce hotunan ado ne. Ta bari ya fita ta tambayi Malama, wadda ba ta iya ƙarya ba.

"Kawunan maza ne, Inna."

"Na 'yan'uwa?"

"A'a, ba mu san su ba."

Inna ta ce ita ba za ta zauna tana cin abinci baƙin maza suna kallonta ba, ko da ita ba ta ganinsu. A sauke su. Ka lura da kyau a nan: salatif ba ya fita shi kaɗai. Kowane kai da aka sauke ya tafi da nasa rabon fentin.

Mataki na biyar: Kada ka ce za ka daidaita gefe

Wannan mataki na hani ne, kuma a kansa Mai Aski ya tafka ta'asar da ba wanda zai tafka sai mai aski.

Bayan an sauke hotunan, tabon da ya rage a tsakiyar bango ya fito da gefe a karkace, nan ya shiga can ya fita, kamar askin da aka yi wa yaro yana kuka. Ni ko kai za mu kawar da kai mu wuce. Shi hannunsa ne ya fara ƙaiƙayi. Mutumin da ya shekara ashirin yana fitar da layin goshi ba zai iya cin abinci karkataccen layi na kallonsa ba. Ya ce bari ya ɗan gyara bakin kawai. Ya ɗauko reza.

Ya daidaita hagu, ya ja baya ya karkata kai ya duba, sai ya ga dama ta fi tsawo. Ya rage dama, sai hagu ta fito. Ya sauko ƙasa don a samu daidaito da sama. Yana yi yana kaɗe wurin da ɗan buroshinsa mai laushi, yana hura iska, har ya kama kansa yana ce wa bangon ya ɗan sunkuyar da kai. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar aski ya san inda wannan hanya take kaiwa. Kafin Malama ta dawo, tabon da tafin hannu zai rufe ya zama fili guda na siminti tsirara, an yi wa rabin bango askin ƙwal-kwabo.

In za a faɗi gaskiya, layin ya fita. Ban taɓa ganin ɓarna mai kyan gefe irin wannan ba. Ya gaya mini saura kaɗan ya ɗauko madubi ya nuna wa bangon bayansa.

Mataki na shida: Ka tanadi amsa ga kowace ƙara

Kada ka manta mahaifiyarka tana zaune a falon duk wannan aiki, kuma ido ne ba ta da shi, kunne lafiya lau. Don haka ka shirya amsoshi tun kafin a tambaye ka. Idan ta ce me kake kankarewa, ka ce reza kake wasawa. Idan ta ce wace irin reza ce ake wasawa tun safe, ka ce ta waje ce, tana da taurin kai. Idan ɓawon fenti ya faɗo mata a shayi, ka ce saman madara ne. Idan ta ji gari-gari a kan kujera, ka ce hodar shago ce ta zube.

Inna tana karɓar kowace amsa da abu ɗaya, wato "uhm". Mai Aski ya ɗauka ta yarda. Malama, da yake ta saba da yara masu cewa akuya ce ta cinye aikin gida, ta san irin wannan uhm ɗin, ita ma tana yin sa. Ta ja shi kicin ta ce masa ya dai gaya wa tsohuwa gaskiya, ai ba shi ya gina gidan ba. Ya ce ba za ta gane ba. Ya ce Inna ta sha wahala a kansu, abin da ya rage mata kawai shi ne ta ce ɗanta ya samu wuri mai kyau, kuma ba shi ne zai ƙwace mata wannan ba. Malama ta kalle shi ta ga da gaske tsoro yake ji, sai ta ƙyale shi.

A 'yan makonnin nan shago ya fi zama a rufe. Kwastomomi suna zuwa suna komawa da gashinsu. Kwalbar baƙin da yake shafa wa kansa tana can a kan kanta ta yi ƙura, ko tunawa da ita bai yi ba. Madubi kuwa ka san inda yake.

Mataki na bakwai: Ka sayi fenti, ka bar shawarar a shagon

Idan ka kai nan, maganar mai gida ta tashi aiki. Ɗauki ɓawo ɗaya mai ɗan faɗi ka kai wa mai sayar da fenti ya haɗa maka irinsa. Zai juya shi ya ce maka wannan kalar ba kamfani ne ya yi ta ba, ƙura ce da hayaƙin girki suka haɗa ta a hankali. Zai kuma ba ka shawara kyauta: a fara tsayar da ruwan da ke ratsowa, a bar bango ya bushe sosai, a shafa na ƙasa, sannan a shafa na sama. Ka gyaɗa kai. Shawarar nan an yi ta ne don masu lokaci, kai kuma jinin mahaifiyarka ya riga ya sauka, gobe aiki.

Ranar aikin Mai Aski ya raka Inna har ƙofar ɗakin tiyata, ya zauna ya yi ta addu'a. Da aka ce an gama lafiya, tana hutawa, sai ya bar Malama a wurin ya garzayo gida. Rufi biyu ya yi wa bangon a jere, na biyu a kan na farko tun bai sha iska ba. Da yamma aka dawo da Inna, ido ɗaya a rufe da bandeji, aka ce gobe da safe a koma a cire. Tana shigowa ta ja hanci. Ya ce sabon turare ne da zai riƙa fesa wa kwastomomi bayan aski. Ta ce to kada ya fesa wa kowa, za su gudu.

Da gari ya waye ya fito ya duba aikinsa. Kalar ta bushe a wasu wurare ta koma ruwan ƙwai, a wasu wuraren ba ta bushe ba sam, ta kumbura ƙulu-ƙulu saboda ruwan da ke bayanta. Wannan duk mai sauƙi ne. Daga gefen kujerar Inna har ƙofar banɗaki, daidai tsayin kafaɗarta, ga sawun tafin hannu nan a jere a cikin ɗanyen fenti, yatsu biyar-biyar, na tafiya da na dawowa. Ya saci kallon hannunta. Ta wanke shi tas, tana shan shayinta.

Mataki na takwas: Ka haɗa kai da duhu

Abin da ya gagari fenti, duhu na iya masa. Ka ce kana da ɗan aiki a gida, ka bar matarka ta kai ta asibiti a cire bandejin. Suna fita ka sauke labulaye duka, ka ƙara da zanin gado a kan wanda ya yi shara-shara. Kwance ƙwan fitila ka ɓoye a aljihu. Shirya jawabi a kan cewa sabon ido ba ya son haske, kuma kai ɗa ne mai bin umarnin likita.

Mai Aski ya yi duk wannan, sannan ya ga akwai sauran lokaci, wanda shi ne babban haɗari ga mutum irinsa. Ya ce bari ya ɗan goge ƙulu-ƙulun nan da takardar gurza. Ya gurza, gari ya tashi ya cika falon, ya sauka a kan kujeru, a kan firji, a kansa. Ya kai hannu kan sawun tafin Inna zai goge, sai ya tsaya. Ƙananan hannuwa ne, bai taɓa lura sun ƙanƙance haka ba. Yana nan tsaye da takardar a hannu ya ji tsayuwar mota a waje.

Mataki na tara: Ka tsaya a gaban inda ya fi muni

Wannan shi ne makami na ƙarshe, jikinka. Zaɓi wurin da ya fi lalacewa ka tsaya a gabansa, ka buɗe kafaɗu, ka yi murmushi.

Inna ta shigo Malama na riƙe da hannunta, baƙin tabarau ya rufe mata rabin fuska. A bakin ƙofa ta zare hannunta, ta tsaya da kanta. Mai Aski ya fara karanto jawabinsa na likita da haske, bai kai rabi ba ta katse shi.

"Auta, ɗage labulen nan. Na gaji da duhu."

Na bincika, babu matakin da ke da amsar wannan magana. Ya je ya ɗage labulen, ya yaye zanin gadon. Rana ta shigo ta haska komai: simintin da aka yi wa aski, fentin ruwan ƙwai, kabad a bakin ƙofa, madubi a ƙasa, kalandar bara, sawun hannuwa a jere. Ya koma wurin tsayuwarsa, amma kafaɗun sun ƙi buɗuwa. Kunya ta kama shi kamar ya nutse.

Ta cire tabarau a hankali, ta ƙyafta idon da aka gyara. Ba ta kalli hagu ba, ba ta kalli dama ba. Ta tako zuwa gare shi ba tare da ta dafa komai ba, ta tsaya dab da shi tana kallon fuskarsa kamar mai karatu.

"Sunkuyo," ta ce. "Fentin nan duk ya zubo maka a ka."

Ya sunkuya. Ta kaɗe masa kafaɗa, garin ya tashi. Ta share masa gira, ya fita. Ta kai hannu gefen kansa, saman kunne, ta kaɗe, ta hura, ta sa bakin mayafinta ta murza. Ta koma ɗaya gefen ta murza. Ta duba gemun.

"Inna," ya ce, "wannan ba ya fita."

Hannunta ya tsaya a inda yake. Rabonta da ganin fuskarsa sosai tun yana saurayi mai baƙin kai, kuma wannan fuskar ta riƙe duk shekarun nan, da ita take magana idan ya kira. Ya ga idon nata ya ciko, sai ya rikice ya fara ba da haƙuri a kan bango, yana cewa danshi ne, mai gida ne, ya so ya gyara kafin ta gani.

"Wane bango? Ai tun ranar da na zo na san shi. Da hannu nake tafiya, Auta. In kun fita ma nakan taya ka ɓarewa, akwai daɗi." Ta sake shafa furfurar da yatsa biyu. "Wannan ne dai ba wanda ya gaya mini. Yaushe autana ya tsufa ban gani ba?"

Ni da ke bayan bango na kasa kunne. Can sai na jiyo sheshsheƙar babban mutum, da muryar tsohuwa tana cewa ya isa, ya isa, likita ya hana ta kuka, kada ya sa ta. Na tashi na je banɗakina na ƙara murɗe kan famfo, don kada ɗigarsa ta dame su. Ba don wani abu ba.

Gargaɗi kafin ka fara

Na yi maka alkawarin ba wanda zai fita daga gidanka da labarin bango, kuma ka gani da idonka, Inna ba da shi ta koma gida ba. Iyakar alkawarina kenan. Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna a ciki. Idan mai gida ya ba ka takardar tashi, tsakaninku ne. Idan matarka ta daina yi maka magana sai uhm, kai ka jawo. Idan reza ta yanke ka, ni ban ce ka ɗauko ta ba. Maganar famfon wani bawan Allah kuwa, har yanzu zargi ne, ba a tabbatar ba. Sannan wannan jagora na bango ne kawai, ba shi da maganin abin da uwa za ta gani idan ta kalle ka.

Bangon Mai Aski yana nan yadda yake, da sawun hannuwan Inna a jere har ƙofar banɗaki. Mai gidan ya zo ya gani ya yi faɗa, sannan ya ce zai gyara bayan damina. Mai Aski ya ce masa kada ya yi sauri. Yanzu idan Yaya ta kira, a tsakiyar falo yake zama, da furfurarsa a waje, Inna na riƙe da wayar da kanta. Kwalbar baƙin kuwa ya miƙo mini ita kyauta ranar da na je aski, kuma har yau ban san me yake nufi ba.